Sitiyari a Hanyar Kadawa: Na Aiki, Na Gayu, da Wanda Aka Juya

[Kiɗan buɗe shiri. A sassauta.]

Yau shirin namu ya nufi Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar noman rani, sai dai ba farashin kwandon tumatir ya kai mu ba. Zancen sitiyarin mota za mu yi: wanda ake kwancewa, da wanda ake ɗaurawa a gurbinsa, da wanda ake ɗaukewa ɗungurungum daga dama a kai shi hagu. Direbobi da makanikai, ku matso kusa da rediyo. Mai mota ma ya matso, tunda shi ke biyan kuɗin.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin kanal yana ratsa gonakin wannan yanki, aikin da yau yake hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ga shinkafa, ga alkama, ga albasa, ga tumatir. To amma amfanin gona ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa. 'Yar ƙurƙura ce ke shiga har bakin gona ta kwaso kwanduna, a-kori-kura da Golf su ɗebi buhu, J5 da Kanta su yi lodi a Kwanar Gafan, wasu su sauke a 'Yankaba, wasu su miƙe har Mile 12 ta Legas. Kafin kowacce ta hau kwaltar Zariya sai ta sha burji: hanya siririya, ga gargada, ga rami, ga ruwan kanal a gefe yana gudu.

Shi ya sa kukan sitiyari ba ya yankewa a garejin bakin titi. "Oga, sitiyarina yana wasa." "Motar nan tana ja na hagu." "Da na taka wuta sai hannuna ya kama rawa." Sau da yawa mai mota ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: a canja sitiyari. Makanike na ƙwarai zai ce masa, "Alhaji, bari mu ɗaga motar tukuna." Dalili kuwa, wannan kewayen da direba ke riƙewa shi ne ƙarshen doguwar silsila. A ƙarƙashinsa akwai sanda mai gaɓoɓi, sandar ta shiga akwatin haƙora da makanikai ke kira rak, daga rak sai tayarod, sai bol-joyin, sai taya. Su ne gargada da nauyin lodi suke ci. Wasan da hannu ke ji daga can ƙasa yake hawowa. Rawar da ke zuwa da gudu galibi taya ce da ba a daidaita ba, ko rim da ya lanƙwashe. Jan gefe kuma alaimen ne, ko iskar taya ɗaya ta gaza ta 'yar uwarta. Ka ɗaura sabon sitiyari a kan mataccen tayarod, wasan yana nan inda ka bar shi, kuɗinka ne kaɗai ya motsa.

Akwai lokacin da canjin ya zama dole, babu musu. Rana ta dafa robar har ta saki ƙarfen ciki tana murɗewa a hannu, ko haɗari ya tanƙware shi. Tsohuwar J5 da a-kori-kura Fijo 504 ba su da wani abin kirki a tsakiyar sitiyari, don haka aikinsu ba wuya, muddin an kiyaye abu biyu. Haƙoran kan sanda su dace da na sabon sitiyarin, domin kowane kamfani da nasa kauri da yawan haƙora. Wanda aka buga da guduma ya shiga dole, haƙoransa sun fara cinyewa tun a gareji, kuma ranar da za su saki ba za su yi sallama ba.

Abu na biyu girma. Sitiyarin ƙaramar mota yakan kai faɗin santimita 37 ko 38. Na gayu da ake sayarwa 35 ne, ko 33, wani ma bai kai haka ba. Duk wanda ya taɓa zura bututu a jikin sifana don kwance notin taya ya san aikin tsawo: yana ara wa hannu ƙarfin da ba shi da shi. Ba ƙauyanci ya sa aka yi wa tsofaffin motocin lodi faffaɗan sitiyari ba, rashin fawa ne. Ka rage faɗi, ka ƙara wa damtse aiki. A mota mai fawa ba za ka ji komai ba, sai ranar da bel ya tsinke, ko inji ya mutu ana cikin tafiya, ko tayar gaba ta faɗa rami ta fizgi hannunka. A titin cikin gari wannan tsoro ne kawai. A bakin kanal, taku biyu ne tsakaninka da ruwa.

[Kiɗa kaɗan.]

Yanzu mu zo kan samari. Shekarar da tumatir ya yi kuɗi, ko shinkafa ta yi albarka, ba a rasa wanda zai sayi Civic ko Corolla ko Accord. Allah ya sanya alheri, guminsa ne. Daga nan sai Ƙofar Ruwa, inda babu kayan motar da ba a samu, idonsa ya faɗa kan ɗan ƙaramin sitiyari mai ƙafa uku, an rubuta Momo ko Nardi a tsakiya. Kamfanonin Italiya ne da suka yi suna a fagen tseren motoci, Momo tun 1964. Jabunsu sun cika kasuwannin duniya. Amma ko na ainihin ka samu, akwai abin da ba a faɗa wa mai saye: direban tsere yana sanye da hular kwano, an ɗaure shi da ɗamara mai madauri biyar ko shida, an kewaye shi da ƙarafa a cikin mota. Shi ya sa bai damu da jakar iska ba. Kai da ka taso daga Bunkure za ka Kano da zanna-bukar a ka, ko ɗaya daga cikin ukun nan ba ka da shi.

Jakar iskar nan a naɗe take a tsakiyar sitiyarin da ka kwance. Idan aka yi karo, na'ura ta ji bugun, ta kunna wani sinadari, jakar ta cika cikin lokacin da bai kai kashi 1 cikin 20 na sakan ba, ta tare fuska da ƙirji kafin su daki ƙarfe. Amurka ta wajabta ta a gaban kowace sabuwar ƙaramar mota daga ƙirar 1998, kuma daga can Honda da Toyota da yawa da muke hawa suka fito. Injiniyoyi sun auna ta ne tare da bel ɗin kujera da sandar sitiyarin kanta, wadda aka ƙera ta takure idan ƙirji ya danne ta. Aikin ukun a haɗe yake.

Da ka cire jakar, fitila za ta kama a dashbod. Nan ne mai wayarin ke shigowa. Wani ya maƙala ɗan ƙaramin abu a waya don kwamfutar motar ta zaci jakar tana nan, wani ya zare ƙwan fitilar kawai ya huta. Mai mota ya ji daɗi, dashbod ya yi fes. Bayan shekara biyu ya sayar da motar, a mayar da tsohon murfi a kan ramin da babu komai, wani bawan Allah ya ɗebi iyalinsa yana ganin yana da kariya. Ni dai a ganina wannan ya wuce gayu, algus ne, kuma bai da bambanci da na mai sa ruɓaɓɓen tumatir a gindin kwando sai dai shi wannan rai ne a ciki.

In canji ya kama a irin wannan mota, a nemo na ƙirarta sak. A daidaita tayoyi su kalli gaba, a cire kan batir, a dakata 'yan mintoci wutar da ta rage a na'ura ta sauka. Jakar da aka zare a ajiye ta fuskarta na kallon sama, don in ta tashi kada ta harba ƙarfenta. A sassauta babban noti amma a bar shi a kan sanda har sai sitiyarin ya saki, in ba haka ba yaron gareji zai fizgo shi ya fasa hancinsa. A bayan sitiyarin akwai wani faifai mai naɗaɗɗiyar waya a ciki, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska duk juyin da aka yi. Zagayenta ƙidayayye ne. Idan ta goce daga tsakiya aka ɗaura haka, kwanar farko da direba zai murɗe har ƙarshe za ta tsinke, hon ya mutu, jaka ta mutu.

Sai dai kada a ce na ce duk sitiyarin Baljiyam mai jaka lafiyayye ne. Kamfanin Takata na Japan ya shekara da shekaru yana cika jakunkunansa da amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin wani nau'in takin zamani da shi. Zafi da laima na tsawon shekaru suna lalata shi, sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, ya farfasa gwangwaninsa, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuskar direba. An yi asarar rayuka. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kimanin miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Accord da Civic da Corolla na farkon shekarun 2000 suna cikin waɗanda abin ya shafa, kuma wadda aka yi lodinta a jirgin ruwa kafin a gyara, haka ta iso mana. Zafi kuwa ba sai an ba mutumin Kano labari ba. Mai motar Amurka zai iya shigar da lambar shasi, haruffa da lambobi 17, a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta can, ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba. Kyauta ne.

Ita wannan hukumar ce ma ta yi gargaɗi a watan Nuwamba na 2023 kan ƙyale-ƙyalen duwatsu da ake mannawa a tambarin tsakiyar sitiyari, bayan jaka ta harba irinsu sun makantar da idon wani direba ɗaya. Garin neman gira ke nan.

[Kiɗa kaɗan.]

Babban canji shi ne na ɓangare. Dattawan Kura za su tuna ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ana tsakiyar aikin Tiga, da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, ta yi daidai da Nijar da Chadi da Kamaru da Dahome, wato Benin ta yau. Tun daga ranar mazaunin direba ya koma hagu. Japan da Ingila kuwa suna nan a kan nasu, kuma daga Japan ƙananan motocin lodi irin su Hijet da Suzuki Carry, wato 'yar ƙurƙura, ke fitowa, da bas-bas na Hiace da yawa. Dokokin hanya na ƙasar nan ba su yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba, don haka sai a juya ta, wata a Dubai, wata a nan gida bayan ta iso a yayyanke cikin kwantena.

Juyin nan ba ɗauke kewaye ba ne daga nan zuwa can. Rak sai an canja, sanda sai an canja mata mazauni, birki da kuloci da totur sai sun ƙaura, tare da tukunyar man birki da bututunta da wayoyi. Inda aka sayo kayan ƙirar hagu na ainihi aka ɗaura, aiki yana kyau. Inda aka yi tsimi, sai a yanke sanda a ƙara mata guntun ƙarfe da walda, a ja bututun birki a yi masa gwiwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne a kan irin waɗannan motoci. Ku auna da kanku: waldar da aka yi a tsugune, ita za ta sha girgizar burjin Kadawa safe da yamma, da kwanduna har sun fi kan mota tsawo.

Ba na cewa a ajiye 'yar ƙurƙura. Ita ce ke shiga inda Kanta ba ta shiga, kuma gidaje da yawa da ita suke ci. Amma mai saye ya san abin da ya saya, alamu kuma ba sa ɓuya. Bas ɗin da ƙofar fasinjanta ke hagu, tana zuba mutane a tsakiyar titi, juyayya ce. Sandar sigina a hannun dama, ko waifa da ke barin kusurwar gaban direba ba ta share ba, su ma shaida ne. Fitilun gaba in ba a canja su ba, haskensu hagu yake tashi, wato cikin idon wanda ke tahowa, kuma da dare ake tafiya da tumatir.

Gwajin da ya fi kowanne ba ya cin ko sisi. A tsayar da mota a kan daidai, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, ɗaya ya duƙa da tocila ya bi sanda daga ƙarƙashin dashbod har inda ta shiga rak. In hannu na motsi taya na tsaye, akwai wasa a wata gaɓa. In tocila ta faɗa kan ƙullin walda a jikin sandar, a nemo wata a Ƙofar Ruwa kafin a ɗora kwando ko ɗaya.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri.]