Kafin ka kama hayar saba: shagon naka ne, gadin ma naka ne

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. A shekarar ne kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. In a waɗannan kafafen kake tallar atamfa, turare ko takalma, ka san yadda abin yake: rumfa ce a kasuwar wani, ranar da aka rufe ƙofa kai ma ka tashi.

Shi ya sa matasa da yawa yanzu ke son shafin intanet na kansu. Wasu ma ba sa tsayawa nan, sai su kama hayar saba, wato kwamfutar da ke zaune a wata cibiya, kunne dare da rana, tana miƙa shafinka ga duk wanda ya nema. Da 'yan daloli kaɗan a wata za ka samu ƙarama. To amma fa ka sani, irin wannan hayar ɗaki ne ba kaya. Kamfanin zai ba ka wuta da intanet, sauran kuma kai da halinka.

Yawanci abu uku ne za ka ɗora a kan Linux, misali Ubuntu. Akwai mai karɓar baƙi, Nginx ko Apache. Akwai mai haɗa shafin, kamar PHP in WordPress kake amfani da shi. Sai rumbun bayanai, MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL, inda sunayen kwastomomi da oda da rubuce-rubucenka suke. In ka gane aikin kowanne, rabin gyara ya ƙare, domin duk ranar da shafi ya faɗi tambayar farko ita ce: wane ne cikin ukun nan ya kwanta?

Lambar da ta fito a fuskar waya tana ba ka haske. In ka ga 404, sabar tana lafiya, shafin da aka nema ne babu. In 403 ce, akwai shi amma an hana shiga, sau da yawa matsalar izinin fayil ce. In kuwa 502 ce, Nginx na tsaye a bakin ƙofa amma na bayansa bai amsa ba. Idan WordPress ya ce ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai, ko dai kalmar sirrin da ke fayil ɗin wp-config.php ba daidai ba ce, ko kuma rumbun ne ya mutu.

Me ke kashe shi? A ƙaramar saba mai ƙwaƙwalwar gigabait ɗaya, da zarar baƙi sun yi yawa sai wuri ya ƙare, Linux kuma ya kashe manhajar da ta fi cin ƙwaƙwalwa don ya tsira, galibi MySQL ce ke shan duka. Wani lokacin kuma ma'ajiyar ce ta cika maƙil da hotuna. Umarnin free -h zai nuna maka ƙwaƙwalwa, df -h kuma ma'ajiya. Sannan ka leƙa /var/log, inda sabar ke rubuta duk abin da ya same ta da lokacinsa. Don Allah kar ka kwafo umarnin da ba ka fahimta ba daga wani bidiyo ka manna. Karanta rahoton tukuna, ai ciwon da aka sani shi ake wa magani.

Sai batun tsaro, wanda ya fi komai. Kar ka ce wa ya san da ɗan shafina. Masu kutse ba mutum suke nema ba, manhajoji suke saki suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet. A Janairun 2017 an shafe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, aka bar wa masu su saƙon neman fansa da Bitcoin. Saboda haka ka buɗe ƙofofin da kake buƙata kaɗai: 80 da 443 na masu ziyara, 22 taka ta shiga. Ƙofar MySQL, 3306, ba ruwan duniya da ita. Ka riƙa shiga da makullin SSH maimakon kalmar sirri, ka sabunta manhajoji a kai a kai, ka kuma saka takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce, sai dai ka tabbata tana sabunta kanta kafin wa'adinta ya ƙare.

Na ƙarshe, kwafin ajiya. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da sabar, shikenan, ba su sake ganin bayanansu ba. Ka riƙa fitar da kwafin rumbunka da mysqldump, ka ajiye shi wani wuri daban, sannan ka gwada mayar da shi ka ga yana aiki.

Ka tuna lambobin waya da adireshin da ke rumbun nan na mutane ne, amana suka ba ka. In ba ka da lokacin gadi, ba abin kunya ba ne ka biya kamfanin da zai kula maka. In kuwa koyo kake so, fara da tsohuwar kwamfuta a ɗakinka, ka ɓata ka gyara har hannunka ya faɗa, kafin ka ɗora bayanan kowa.