Ko Kun Sani? Hukuncin Tsuntsu a Lambu

Ko kun san cewa latas da kabejin da masallata ke saye a kasuwar Treichville bayan sun sauko daga babban masallaci, waɗanda ake noma wani kasonsu a lambunan bakin tafkin Ebrié, tsuntsayen daji na cikin masu gadinsu? Balbela, wadda manomi ke gani tana bin kwami bayan ban-ruwa, fara da tsutsa take tsinta. Gwara kuwa, duk da ɓarnar da take yi wa irin da aka yafa, idan ta ƙyanƙyashe, da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta, alhali koji yakan huda nunannen tumatir. Lokacin da hukumar ƙasar Sin ta yi umurni da a halaka gwara a 1958, fara ta yawaita, amfanin gona ya salwanta, har aka janye umurnin a 1960. Saboda haka, tun da maslahar tsuntsu ta rinjayi mafsadarsa, abin da ya dace da mai lambu shi ne ya rufe kwamin iri da raga, ya nisanci guba.