Ƙararrawar tsaro da dabbobin gida: Inda ya kamata ku kafa na'urar gano motsi

Tun bayan da 'yan tayar da ƙayar baya suka rushe turakun lantarki na hanyar Damaturu a watan Janairun 2021, gidaje da dama a Maiduguri suka koma amfani da sola. Tare da ita fitilu da ƙararrawa masu gano motsi suka shigo gidaje, daga Gwange har Bulumkutu.

Sai dai idan kuna da mage ko kare ko tumaki, wataƙila kun san matsalar. Mage ta gifta da ƙarfe 2 na dare, ƙararrawa ta ɗauka, yara su farka a firgice, dattijo mai hawan jini ya kasa komawa barci. In abin ya yawaita, maigida yakan gaji ya kashe ta, kuma ɓarawo ba ya faɗin ranar zuwansa.

Yawancin na'urorin nan ɗumin jikin da ke motsi suke ganowa, ba siffa ba. Ɗumin jikin mutum maki 37 ne, na mage kuwa yakan haura 38. Don haka wurin kafawa shi ne babban magani.

Ku kafa ta a tsayin mita 2 zuwa 2.4, tana kallon gaba. Kada ku sunkuyar da ita ƙasa inda dabbobi ke yawo. Ku kauce wa saitin katanga, tankin ruwa, matakala da bishiyar darbejiya, domin mage idan ta hau sama ta matso kusa, na'urar takan ɗauke ta a matsayin mutum. Haka nan ku nisanta ta da janareta, murhu da tagar da rana ke bugawa.

Wurin saye, ku nemi wadda aka ƙera don ta ƙyale ƙananan dabbobi, ku duba iyakar nauyin da aka rubuta a kwalinta. Wasu kilo 25 ne, wasu kusan 40. Babban ragon Balami ya wuce nan, don haka turkensa ya kasance bayan na'urar.

Ku riƙa goge gilashinta a lokacin hunturu saboda ƙura. A watan Afrilu kuma, da zafi ke haura maki 40, takan yi rauni wajen bambanta mutum da bango mai zafi, sai ku ƙara da ƙaramar na'urar da ke ƙara idan an buɗe ƙofa.

Kafin ku dogara da ita, ku gwada da yamma: ku saki dabbobin su zagaya, sannan babba ɗaya ya ratsa tsakar gida. Idan shi kaɗai ya sa ta yi ƙara, to ta zauna daidai.