Takunkumi A Makaranta

Da, in aka ce takunkumi, abin da kowa ya sani shi ne ragar igiya da a ke ɗaura wa jaki ko sa a baki, don kada ya ci amfanin gonar mutane. Amma tun shekarar 2020 kalmar ta sami sabuwar ma'ana. Yanzu har ɗan ƙyallen nan da mutum ke rufe hanci da baki da shi saboda cuta, takunkumi a ke ce masa. An yi gardama mai yawa a kan ko ya kamata yara da malamansu su sa shi a makaranta. An yi ta a nan ƙasar Haɗeja, an yi ta a Kano, an yi ta har Turai da Amurka. A wannan darasi za mu ji hujjar kowane ɓangare, domin in maganar ta sake tasowa mu san abin da za mu yi da 'ya'yanmu.

Yadda Abin Ya Faro

A ƙarshen shekarar 2019 wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ita ce korona. Ta kan zo da zazzaɓi da tari, wani kuma numfashinsa ya sarƙe. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai ita a Nijeriya, a Legas. Cikin watan Maris sai gwamnonin Arewa maso Yamma, har da na Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, suka ba da umurni a rufe makarantu. Da farko an ce kwana 30 ne, amma abin ya ɗauki watanni.

A watan Afrilu cutar ta shigo Jigawa. A farkon Mayu, ana cikin azumi, aka yi rashe-rashen dattawa da yawa a garin Haɗeja, har gwamnati ta aiko a bincika. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai.

Ran 4 ga Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe na sakandare su koma, domin jarrabawarsu da aka fara ran 17 ga watan. Daga watan Oktoba aka shiga buɗe wa sauran. Amma an kafa sharuɗɗa: a ajiye ruwa da sabulu, a ba da tazara tsakanin yaro da yaro, a kuma sa takunkumi. A watan Janairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta tilasta sa shi a wuraren taron jama'a. To, a nan gardama ta yi zafi.

Yadda Takunkumi Ya Ke Aiki

Ku ɗauki madubi ku hura masa numfashi. Za ku ga ya yi gumi. Wannan gumi ɗigon ruwa ne ƙanana da ke fita daga bakinmu da hancinmu kullum. In mun yi magana ya kan ƙaru, in mun yi tari ko atishawa ya ƙaru ainun. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, su kan hau wannan ɗigo su fito. Wanda ke kusa ya shaƙa, sai ya kamu. Abin da ya fi wuya shi ne, mutum ya kan ɗauki korona yana yaɗa ta, shi kuwa bai san yana da ita ba.

Takunkumi kamar ragar masunta ya ke. Kowane masunci a Guri ko Kirikasamma ya san raga mai manyan idanu ba ta kama ƙananan kifi. Haka nan ƙyalle shara-shara mai falle ɗaya ba ya tare abu mai yawa. Wanda tela ya ɗinka ninki 3 ya fi shi. Shuɗin nan na asibiti ya fi na tela. Akwai kuma wani mai kauri da ke kama fuska sosai, shi ya fi duka, ya kuma fi tsada.

In raga ta yage, kifi ya kan fice ta wurin. In takunkumi ya bar hanci a waje, ko ya yi sako-sako a gefe, numfashi ya kan bi ta nan. Wanda aka sauke a haɓa kuwa, daidai ya ke da ragar da aka bari a gida aka tafi kogi.

Hujjar Masu So

Masu so suka ce, ku dubi azuzuwanmu. Yara sun cika, gwiwa na gugar gwiwa, waɗansu a kan benci, waɗansu a ƙasa. Ina za a sami tazara? In babu tazara, ai gara a rufe baki.

Suka ce kuma, gaskiya ne korona ba ta cika kayar da yara ba, ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Amma yaro ba shi kaɗai ya ke zaune ba. In ya taso daga makaranta, gida ɗaya ya ke kwana da kakarsa, kwano ɗaya ya ke ci da kakansa. Abin da bai dame shi ba yana iya kashe su.

Sa'an nan ga malami. Shi babba ne, wani ma ya manyanta. Yana tsaye gaban yara tun safe, yana ɗaga murya. Shi ya fi kowa fitar da numfashi a ajin, shi kuma cutar ta fi yi wa barazana.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce, in ƙyalle zai sa a bar makaranta a buɗe, to ya yi arha. Da hanau gara mannau. Suka ƙara da cewa rufe baki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarakuna na jan amawali, Buzaye na rufe fuska, masu sussukar shinkafa da masu haya da babur na ɗaura ƙyalle saboda ƙura.

Hujjar Masu Ƙi

Masu ƙi su ma ba shirme su ke yi ba. Suka ce, yaro ƙarami da ido ya ke koyon karatu, ba da kunne kaɗai ba. Mu da ke wannan aji mun san haka. Sa'ad da mu ke koyon "b" da "m" da "f", bakin malami mu ka riƙa kallo. Haka yaro ya ke kallon bakin malaminsa a makarantar allo. In an rufe bakin, an rage masa hanyar ganewa, murya kuma ba ta kai wa na baya sosai.

Akwai waɗanda abin ya fi shafa, watau kurame. A Haɗeja akwai makarantarsu. Su da hannu su ke magana, amma suna duban fuska da motsin leɓe. In an rufe fuska, an tauye musu zance.

Suka kawo maganar zafi. A bazara, zafin ƙasarmu ya kan wuce awo 40. Yaro na cikin aji mai rufin kwano, gumi na zuba, ƙyalle ya jiƙe. Jiƙaƙƙen takunkumi kuwa ba ya aiki yadda ya kamata.

Suka kawo maganar tsabta. Yaro ya kan cire nasa ya share majina, ya yar a ƙasa, ya ɗauka ya mayar. Wani ya yi musaya da abokinsa. Wani ya yi mako da guda ɗaya ba wanki.

Suka kawo maganar kuɗi. Mu yi lissafi. Mutum yana da 'ya'ya 6 a makaranta. Na asibiti sau ɗaya a ke sa shi a yar. Kwana 5 sau yara 6, ya zama 30 a mako guda. Manomin da ke jiran kaka, ina zai samo? In kuwa aka kori yaro don ba shi da takunkumi, an rufe masa makaranta ke nan ta wata ƙofa.

Amma akwai magana ɗaya da aka yi ta yaɗawa wadda ba gaskiya ba ce. An ce takunkumi na hana mutum samun iska har ya sume ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Iska na ratsa ƙyalle ba wuya. Likitoci masu fiɗa su kan yi sa'o'i da shi a fuska suna aiki, ba abin da ya same su. Yana da takura, amma ba ya shaƙe mai lafiya.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Masana ba su tsaya ga ka-ce-na-ce ba, sun gwada. Ga misali 3.

A ƙasar Bangaladash, wadda ita ma ƙasar koguna da shinkafa ce, aka yi gwaji a ƙauyuka 600. Aka raba takunkumi a waɗansu, aka bar waɗansu. A 2021 aka ba da sakamako. Inda aka raba irin na asibiti, masu kamuwa sun ragu da kamar kashi 1 cikin 10. A tsakanin waɗanda suka wuce shekara 60, sun ragu da kamar kashi 1 cikin 3. Amma ku lura, manya aka gwada, ba yara ba.

A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, doka ta ce 'yan shekara 6 su sa a makaranta, 'yan shekara 5 kuwa ba tilas. Da aka kwatanta su, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba.

A yankin Bostan na Amurka, a 2022, waɗansu makarantu suka daina tilastawa, waɗansu suka ci gaba. Cikin mako 15, waɗanda suka daina sun sami ƙarin masu kamuwa wajen 45 a cikin kowane mutum 1,000.

Me za mu ɗauka daga nan? Takunkumi yana rage cuta, amma ba ya kawar da ita. Ya fi amfani ga babba wanda ya iya sa shi daidai. Ga ƙaramin yaro amfaninsa kaɗan ne. Shi ya sa ƙasashe suka bambanta. A Ingila ba a tilasta wa 'yan firamare ba, sai 'yan sakandare, su ma na ɗan lokaci.

Shawarar Hukumar Lafiya Ta Duniya

A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba yara kashi 3:

1. Ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, kada a tilasta masa.
2. Ɗan shekara 6 zuwa 11, a duba ko cutar ta yi yawa a garin, ko zai iya sa shi daidai, ko kuma akwai babba mai lura da shi.
3. Ɗan shekara 12 zuwa sama, ya yi yadda manya ke yi.

Ta kuma ce kada yaro ya sa lokacin wasa da guje-guje, kada kuma a matsa wa mai nakasa.

Inda Mu Ke Yau

Allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021. A watan Disamba na 2022 gwamnati ta janye tilasta sa takunkumi. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta fita daga matsayin gaggawa.

To, me ya sa mu ke karanta wannan yanzu? Domin korona ba ita kaɗai ce ke bin numfashi ba. Akwai ƙyanda, da tarin fuka, da sanƙarau, da mashaƙo wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Mu kuma mutanen bakin kogi muna da namu dalili. A 2020 da 2022 kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonaki, mutane da yawa suka fake a makarantu. Inda aka cunkushe a ɗaki ɗaya, nan tari ya ke samun hanya.

Babbar hasarar da aka yi a 2020 ita ce ta karatu. Yara sun yi watanni a gida. Waɗansu sun manta abin da suka koya, waɗansu ba su koma ba sam. Mu da muka zo koyon karatu da furfura mun fi kowa sanin zafin wannan.

Abin Da Za Mu Yi

1. Yaro mai zazzaɓi da tari, kada a tura shi makaranta. A kai shi asibiti, in ya warke ya koma.
2. A buɗe tagogin aji duka. In da inuwar itace, a fita waje. Iska na watsa ƙwayoyin cuta, ba ta kuwa cin ko kwabo.
3. A kai yara rigakafi a kan kari. Ga ƙyanda da mashaƙo, allura ta fi kowane ƙyalle.
4. In annoba ta shigo gari, ma'aikatan lafiya suka ce a sa takunkumi, to malamai da manyan yara su sa, ya rufe hanci da baki.
5. A yi wa yaro guda 2 na ƙyalle, a sa wa kowanne alama. Yana sa ɗaya, ɗaya na shanye. A wanke da sabulu kullum. Ba a aro, ba a musaya.
6. Malamin ƙananan yara da na kurame, in zai nuna baki, ya ja baya kusa da ƙofa ko taga, ya nuna, sa'an nan ya mayar.
7. Kada a kori yaro don ba shi da takunkumi. Iyaye da malamai da bulama su zauna, su haɗa abin da ya sawwaƙa, a ba telan gari ya ɗinka wa marasa hali.
8. In kun ji wani labari a waya, kada ku yi saurin yaɗa shi. Ku tambayi ma'aikacin asibiti tukuna.

Mai so da mai ƙi duka abu ɗaya su ke nema, watau yaro ya zauna lafiya, ya kuma sami ilmi. In annoba ta zo a ɗauko takunkumi, in ta wuce a ajiye. Amma ko da shi ko babu shi, yaro ya tafi makaranta.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka rufe makarantu saboda korona?
2. Ta wace hanya ƙwayoyin cuta ke fita daga jikin mai tari?
3. Ku kawo hujja 2 ta masu so, da 2 ta masu ƙi.
4. Mutum yana da 'ya'ya 4, kowanne za a ɗinka masa takunkumi 2. Nawa za a ɗinka?
5. Tagogi nawa ne a ajin ɗanka ko 'yarka? Je ka ƙirga, ka rubuto mana.