Tukwanen Mata Ortiz: Duba Gindi Kafin Ka Taya

Mai tara tukwanen Mata Ortiz ba ya fara da kallon zane. Kife tukunyar yake yi ya duba gindinta, domin a nan magini ke rattaba sunansa, kuma sunan ne ke yanke farashi.

Mata Ortiz ƙauye ne a jihar Chihuahua, arewacin Meziko, kusa da kangon tsohon birnin Paquimé da ya watse wajen shekarar 1450. Wani mazaunin ƙauyen, Juan Quezada, yana yaro yakan tsinci tsingaron tukwanen mutanen wannan birni idan ya shiga daji neman itace. Ba wanda ya koya masa komai. Shi ya nemo inda yumɓu yake, ya gano duwatsun da ake niƙawa a samu ja da baƙi, ya yi ta gasawa suna fashewa har hannunsa ya faɗa.

A 1976 wani Ba'amurke masanin al'adu, Spencer MacCallum, ya ga tukwane uku a shagon kayan gwanjo a garin Deming na jihar New Mexico. Babu suna a jikinsu. Ya ɗauki hotunansu ya tsallaka iyaka yana cigiya har ya iske wanda ya yi su, wato Quezada. Daga nan kasuwa ta buɗe. Quezada ya koya wa ƙannensa da maƙwabta, yau ɗaruruwan mutanen ƙauyen da wannan sana'a suke ci. Gwamnatin Meziko ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1999, ya rasu a 2022.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin kansa. Ba injin juyi, da hannu ake jan yumɓun sama, a kankare, a goge da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Alƙalamin zanen 'yan silin gashin mutum ne, sau da yawa na yaran gidan, shi ya sa layin ke fita siriri kamar zare. A gargajiyance da busasshen kashin shanu ko ɓawon itace ake gasawa a fili.

Ni dai idan tukunya ta yi daidai ta ko'ina, ba alamar yatsa ko kaɗan a cikinta, sai na ƙara dubawa. Kada kuma a zuba mata ruwa, ta ado ce, zanen zai lalace. Wanda ya ce zai sayar maka da tsohuwa ta asalin Paquimé, guje shi: dokar Meziko ta 1972 ta haramta cinikin irin waɗannan kayan tarihi.