3.4 Matsalolin Rubuta Sakamakon Gwajin Sikila

Takardar gwajin sikila kan ɗauki haruffa biyu ne kawai, wato AA, AS, AC, SS ko SC. Sai dai akwai lokutan da haruffan kaɗai kan ɓatar da likita, musamman idan takardar ta taso daga Jabo zuwa Tambuwal, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, inda ba a san mai ita ba.

Na farko, wanda aka yi wa ƙarin jini. Jajayen ƙwayoyin jini kan kai kwana 120 a jiki, don haka mai SS yana iya fitowa tamkar AS. Na biyu, jaririn da bai kai wata shida ba, domin jinin haihuwa mai alamar F ya rinjayi sauran. Na uku, na'urar lantarkin da aka saba gwaji da ita ba ta rarrabe S da D.

Saboda haka ya wajaba takardar ta tanadi gurbin shekaru, da ranar ƙarin jini na ƙarshe, da irin na'urar. In ba haka ba, ana iya ɗaura aure bisa kuskure, 'ya'ya su kwana a ciki.