Maganar Sabunta Tsohuwar Kwamfutar Tebur

 Dalilin ɗauko wannan magana shi ne, ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, wadda ya fitar tun ran 29 ga Yuli 2015. Ita kuwa Windows 10 ita ce ke cikin da yawa daga tsofaffin kwamfutocin tebur, irin na gwanjo da ake sarowa daga Turai, waɗanda ke girke a kantuna da shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu. Wani ya ji labari ya ce tasa ta mutu ke nan, sai a sayar wa 'yan gwangwan. Wani ya ce ai tun da tana tashi kowace safiya ba abin da ya faru. Duka biyun sun yi gaggawa.

Janye hannun nan bai kashe kwamfutar kowa ba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da ake aikowa ta intanet ran Talata ta biyu a kowane wata, wanda ke toshe ɓarakar da aka gano. Tamkar katangar ƙasa ce, wadda magini ya daina zuwa yaɓe: bana tana tsaye, amma kowace damina tana ƙara zaizayewa, ɓarawo kuwa ya san inda ta tsage. An ga misalin wannan a watan Mayu na 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, tana kulle wa mutane takardunsu tana neman fansar dala 300, har waɗansu asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar an aiko da maganin ɓarakar, waɗanda suka karɓa sun tsira. To, attajiri ya tuna da lissafin bashin da ke cikin tasa, malami ya tuna da littafin da ya yi shekaru yana bugawa. Kamfanin ya ba da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, wanda a sanarwar farko ya ce zai kai 13 ga Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne kurum.

Kafin a ci gaba, wajibi ne a rarrabe abu biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai babbar manhaja, watau Windows ko Linux, wadda ke zaune a faifan ajiya, ita ce kake gani kana aiki da ita. Akwai kuma wata ƙarama, manhajar tushe, wadda masu gyara ke kira BIOS, sabon samfurinta kuwa UEFI. Ita ba a faifai take ba, tana rubuce ne cikin wani ɗan ƙwaya da aka like a jikin babban allon kwamfutar, wanda suke ce wa madabod. Kamar mai gadin kasuwa take, wanda ke tashi da asuba ya buɗe ƙofa, ya zagaya ya ga rumfuna lafiya, sa'an nan ya miƙa mabuɗai ga sarkin kasuwa. In sarkin kasuwa ya yi rashin lafiya a naɗa wani. In mai gadi bai buɗe ƙofa ba, ba mai shiga, balle a yi naɗi. Wannan shi ne bambancin haɗarin ayyukan biyu, a riƙe shi.

Aikin fari shi ne mutum ya san abin da ya mallaka. A danna maɓallin da ke da hoton taga tare da harafin R na boko, a rubuta msinfo32, sai shafi ya fito mai nuna sunan samfurin kwamfutar, da irin furosesarta, watau ƙwaƙwalwar lissafinta, da lambar BIOS da shekararsa. A rubuta su a takarda. Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, faifai mai gigabait 64, UEFI, da wani ma'ajin mabuɗan sirri da ake kira TPM 2.0. Waɗannan da sauƙi. Sharaɗin da ke kayar da yawancin kwamfutocin gwanjo shi ne na furosesa, gama ba a karɓi na Intel ba sai daga zuriya ta 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan, na AMD kuwa daga Ryzen 2000. Gane zuriya ba wuya. A duba lambar farko bayan ɗan layi: i5-3470 zuriya ta 3 ce, i5-8500 ta 8 ce. Don haka Dell OptiPlex 7050 ta 2017 ta faɗi, ko da tana da ƙarfinta, ƙanwarta 7060 ta 2018 ta haye. Mai saye ya lura kuma da cewa Dell ya yi amfani da sunan OptiPlex 7010 sau biyu, a 2012 da 2023, kada dillali ya nuna masa suna ya ɓoye masa shekara.

Sau da yawa kuma kwamfuta takan cika sharaɗi a ce ba ta cika ba, saboda TPM ɗinta a kashe yake cikin BIOS. Ana shiga BIOS ne da danna F2 a kan Dell, ko F10 a kan HP, daidai lokacin kunnawa. A can Intel kan kira shi PTT, AMD kuma fTPM, kunna shi kaɗai ya wadatar. Amma in shafin nan na msinfo32 ya nuna kwamfutar na tashi bisa tsohon tsari, wanda ya rubuta Legacy, kada a juya ta zuwa UEFI kai tsaye, don za ta ƙi tashi. Sai an fara juya tsarin faifan daga MBR zuwa GPT, kuma Windows 10 na da abin yin haka a cikinta, sunansa mbr2gpt. Wanda bai saba ba ya bar wa mai gyara wannan.

Ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an kwafe kaya. A sami filash ko faifan waje a juye duk takardu da hotuna da lissafi. Malaman da ke buga ajami su tuna da zanen haruffansu, irin su Alkalami mai kama da rubutun Kano, da Harmattan, gama in an wanke faifai suna tafiya, sai a buɗe littafi a ga layukansa sun rikice. Haka nan manhajojin littattafai irin Maktaba Shamila, da kalmomin sirri da mutum ya bar wa kwamfuta ta riƙe masa har ya manta. In an gama juyewa a kai filash ɗin wata kwamfuta a buɗe a gani. Mai kwafe littafi ba ya mayar da na aro sai ya yi muƙabala, wannan ma haka.

Yanzu mu zo ga sabunta BIOS, inda haɗarin yake. Ra'ayinmu dai shi ne kada a taɓa shi don sha'awa, ko don an ga akwai sabo. A taɓa shi in akwai dalili: ko maƙeran sun fitar da gyaran tsaro, kamar yadda suka yi bayan gano lahanin Spectre a furosesoshi a Janairun 2018, ko TPM bai bayyana ba sai da sabon, ko an sa sabon kaya allon ya ƙi gane shi. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, a bar mai gadi da aikinsa.

Abin da ke faruwa lokacin sabuntawa kamar wanke allo ne. Ana shafe tsohon rubutun da ke cikin ɗan ƙwayar nan, kana a rubuta sabo a wurinsa, cikin 'yan mintoci. In aka ɗauke wuta tsakanin wankewa da rubutawa, allo ya zauna rabi fari rabi rubuce, kuma wanda zai tashi ya gyara kuskuren shi ne aka shafe. Ka danna maɓalli, fanka ta juya, fuska baƙa ƙirin, shi ke nan. Waɗansu alluna suna da hanyar ceto, kamar na Gigabyte masu ƙwaya biyu, da na Dell da HP na baya-bayan nan masu iya maido da kansu daga filash. Tsofaffi da yawa ba su da ita, sai a kai wa gwanin da ke da na'urar rubuta ƙwayar daga waje, in ba a same shi ba a sayi wani allo.

A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwamfutar hannu tana da batirinta, ta tebur ba ta da shi. Saboda haka ba a yin wannan aiki sai an jona ta da UPS mai cikakken caji, ko inbata mai lafiyayyen batir. A gwada UPS ɗin tukuna: a kunna kwamfuta, a zare filogi daga bango, a ga minti nawa zai riƙe, gama da yawansu batirinsu ya mutu tuntuni, sai ƙara kawai suke yi. Kada a dogara da ɗan janareta mai sauran mai kaɗan. Kada kuma a fara in hadari ya haɗu.

Sa'an nan a tabbata fayil ɗin na wannan samfurin ne daidai, ba na mai kama da shi ba, kuma daga shafin maƙeran aka sauke shi. Kowace Dell na da lamba mai haruffa 7 manne a jikin akwatinta, in aka rubuta ta a shafinsu sai ya kawo nata kaɗai. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya dakatar da kullen kafin ya fara, ya kuma rubuta mabuɗin ceto mai lambobi 48 a takarda, domin sabon BIOS kan sa kwamfuta ta zaci an sace ta, ta nemi mabuɗin, in babu kuwa kayan cikinta sun tafi. Yana da kyau a shiga BIOS a ɗauki hoton kowane shafi da waya, saboda wani lokaci saiti kan koma na asali, musamman na faifai tsakanin AHCI da RAID, sai Windows ta ƙi tashi mutum ya ɗauka ta lalace alhali layi ɗaya ne ya canza. In an fara kuwa, a ɗauke hannu. Fanka za ta yi ƙugi, fuska ta ɗauke, kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta sau ɗaya ko biyu. Mai haƙuri ya zauna ya sha shayi. A hana yara zuwa kusa da waya.

Tun da an zo nan, a buɗe akwati a hure ƙurar hunturu, a kuma sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe agogo da saiti. In ya mutu agogo kan koma shekarun baya, shafukan banki su ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zargin intanet.

Ɗora Windows 11 bayan wannan abu ne mai sauƙi, kuma kyauta ne ga mai halattacciyar Windows 10. Ko a bar ta ta hau bisa tsohuwar, kaya na nan yadda suke, da damar komawa cikin kwana 10, ko a shirya filash mai gigabait 8 a wanke faifai a fara sabo. Na biyun ya fi tsabta. Mai buga takardu ya fara bincika ko firintarsa na da direba a sabuwar. A guji kwafin da ake ce an fasa, ba wanda ya san abin da aka cusa ciki.

Saura waɗanda tasu ta faɗi sharaɗi, su ne kuwa masu yawa. Akwai dabarar tsallake sharaɗin, masu gyara sun san ta, da wata manhaja mai suna Rufus suke yi. Takan yi aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba, kuma tsofaffi ƙwarai irin Core 2 Duo ba sa tashi sam da fitowar 24H2 ta shekarar 2024. Ba ma ba attajiri shawara ya ɗora lissafin dukiyarsa a kan wannan. Abin da muka fi so shi ne Linux Mint 22, wadda ta fito a Yulin 2024, kyauta, da alkawarin gyara har 2029, tana kuma tafiya ko da RAM gigabait 2, ko da yake 4 ya fi. Ana iya gwada ta daga filash ba tare da taɓa faifai ba. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, tana rubuta larabci daga dama. Sai dai CorelDRAW da ainihin Microsoft Office ba a yi su dominta ba, wanda abincinsa ke nan ya yi tunani. Kowace aka zaɓa, musanya tsohon faifai mai juyawa da SSD shi ne kuɗin da ya fi komawa aljihu, don kwamfutar 2012 kan tashi da shi cikin ƙasa da minti ɗaya.

Wanda kuma ba zai iya rabuwa da manhajar da ya saba da ita ba, ya bar Windows 10 ɗinsa, amma ya zare wayar intanet daga bayanta, ya mai da ita ta rubutu da bugawa da lissafi kaɗai. Harkar banki da wasiƙu ya yi su a wani wuri. Filash ɗin baƙo kada ya shiga cikinta sai an bincike shi, kuma kowace Alhamis a juye lissafin mako a faifan waje a sa a durowa.